Muryar 'Yar Samad

A zaurenmu na marubuta ni ce mai karantawa. Ba wai na fi kowa Hausa ba ne. Yawancin 'yan zauren da Larabci suka yi makaranta, in aka tura musu Hausa da harafin boko sai su yi ta tuntuɓe, kafin layi na biyar sun gaji sun ajiye. Shi ya sa Ustaz Abdussalami, wanda ya buɗe zauren a WhatsApp kuma yake shugabantarsa, ya kawo tsari. Duk wanda ya rubuta labari zai tura masa a keɓe, shi ya cire sunan ya ba ni, ni kuma in karanta in saka a saƙon murya. Mutane su saurara, su yi sharhi, ba tare da sanin na wane ne ba. Ya ce ta haka kaɗai za a faɗi gaskiya, don daga Sinnar har Rusairis da wuya a sami biyu a cikinmu da ba su haɗa kaka ba, kuma ba mai iya duban ɗan gwaggonsa ya ce masa rubutunsa bai yi ba. Ya gindaya sharaɗi biyu da yake maimaitawa kullum: abin da aka saka a zaure ba ya fita waje, sunan marubuci kuma amana ne.

Na so aikin. A gaban mutum uku ba na iya ƙarasa jimla, har na gama jami'a a Madani ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Amma in na shiga ɗakin da muke ajiye buhuna na ja ƙofa, daga ni sai waya, harshena yakan sake. Na yi muryar tsohon masunci, na yi ta direban bas, na taɓa yin ta akuyar da ake kaiwa kasuwa.

Labarin da ya ja mana abin ya zo ne bayan an girbe dawa. Yarinya ce ke ba da shi da bakinta, 'yar samad. Samad shi ne manomin da sauran manoma ke zaɓa ya kula da rabon ruwa, shi ke buɗe bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, ya ce yau ruwa na hawashar wane ne, wato gonarsa, gobe na wane. A labarin, yarinyar ta ga ubanta yana karkatar da ruwan maƙwabci zuwa gonarsa, dawar maƙwabcin ta bushe, ita kuma ta rasa wa za ta gaya wa.

Babana, Mahmudu, shi ne samad na ɓangarenmu tun ina firamare. Na rubuta wa Ustaz a keɓe na tuna masa wannan. Ya amsa cewa mai karantawa ba ya zaɓen abin da zai karanta, in ba haka ba gobe kowa zai ce na fifita wani, kuma ai zaure a rufe yake. Na karanta. Labarin na da tsawo, sai na raba shi saƙo uku. A farkon na ɗaya na faɗi abin da nake faɗa kullum, cewa wannan ƙagaggen labari ne na wani daga cikinmu. Na biyu kuwa ya fara ne kai tsaye da maganar yarinyar: "Da idona na ga babana. Ya cika bakin ruwan maƙwabcinmu da laka da ciyawa, ya juya ya dube ni, ya ce in koma gida."

An yi sharhi kamar yadda aka saba. Wasu suka ce ƙarshen ya yi gaggawa, wata ta ce uban bai yi magana sosai ba. Na manta da shi.

Ranar wata Talata da hantsi Inna ta aike ni kanti sayo sukari. Hanyar ta bi ta bayan gidan Baffa Gado, wanda hawasharsa ke can ƙarshen tur'a, inda ruwa ke isa a gajiye. A bara rabin dawarsa ta bushe. Kowa ya san tur'ar ta cika da laka da ciyayi, amma tun lokacin Baffa Gado yake gaisawa da babana da kan yatsu. A wannan safiyar matan unguwa sun taru a tsakar gidansa suna shan jabana, ina jin ƙamshin gahawa da citta ta kan katanga. Sai na ji muryata. Tana fitowa daga wata waya da aka ƙure wa sauti, tana rawa, tana cewa da idona na ga babana.

Ban san lokacin da na shiga gidan ba. Hadizatu, matar Baffa Gado, ta ajiye finjalin da ke hannunta, ta taso ta kama kafaɗuna biyu.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata," in ji ta. "Ke kaɗai ce mai tsoron Allah a gidanku."

Na ce mata labari ne. Ta ce ai sun ji, labarin ne suke saurare. Na ce ba nawa ba ne, na wani ne, karantawa kawai na yi. Maganar ta fito a kakkarye, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai jin kunyar abin da ya riga ya faɗa. Wata tsohuwa ta ce a bar yarinya, ta yi abin da manya suka kasa, kada a tsorata ta. Aka miƙo mini jabana.

Kafin in koma gida maganar ta riga ni. Inna tana tsaye bakin murhu, ba ta ɗora komai ba. Ta tambaye ni ko muryata ce, na ce e. Ta tambaye ni ko an sa mini wuƙa a wuya ne, na ce a'a. Daga nan ba ta sake tambayar komai ba, ta yi ta faɗa da Hausa tana gangarawa Larabci, har maƙwabta suka leƙo. Babana ya dawo daga gona da azahar, ya yi alwala, ya ci abinci, bai ko dube ni ba. Da ya buge ni da na fi samun sauƙi.

Na rubuta a zaure. Na tambayi wanda ya fitar da saƙon. Ba a daɗe ba Mujahid, wani ɗalibi daga ƙauyen da ke gaba da namu, ya ce shi ne. Wai mahaifiyarsa kullum tana cewa Hausar yaran yanzu ta mutu, shi ne ya tura mata saƙo na biyu, wanda ya fi daɗi, don ta ji da kunnenta. Ita kuma ta tura wa ƙanwarta da ke aure a garinmu. Ya rubuta mini "ma'alesh ya Sabah", wato in yi haƙuri, ya bi shi da hoton mage mai hawaye.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙona mini rai. Wani ya ce wannan nasara ce ga marubucin, rubutu ya bar waya ya shiga gidaje. Wata ta ce ita dama ta faɗa, saƙo na biyu ya fi sauran ƙarfi. Aka shiga muhawara a kan ko adabi madubi ne ko fitila. Ustaz ya shigo ya ce an keta sharaɗi, ya dakatar da Mujahid na mako guda, ya roƙi a rufe maganar a koma kan labarin wannan makon.

Na bi shi a keɓe. Na ce abu ɗaya nake so: marubucin ya ɗauki muryarsa, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce shi ya ƙaga labarin kuma bai ga kowa ya taɓa ruwan kowa ba. A tura wa matan da suka ji na farko. Rubutu ba zai yi ba, don a gidan Baffa Gado ba mai karanta boko. Ustaz ya ce zai isar da saƙona, amma ba zai tilasta kowa ba, kuma ba zai ba ni suna ba. Ya ce in ya saki amana sau ɗaya, zauren ya rushe. Na ce masa gidanmu fa? Ya turo mini addu'ar samun haƙuri.

Ban buƙaci ya ba ni sunan ba. Wanda ya karanta rubutun mutane da baki har na shekara biyu ya san kowa da tafiyarsa. Akwai mai kashe uwa a kowane labari, akwai wadda ba ta iya rufe labari sai an yi ruwan sama. Mutum ɗaya ne a zauren ke sa mutanensa su juya su dubi wani kafin su yi magana, kowane shafi sai an juya an duba. Kamal ne, ɗan garinmu da ke aiki a kantin magani a Sinnar. Mahaifiyarsa ƙanwar Baffa Gado ce. A tsakar gidan kawunsa ya ji ƙorafin bara, ya ɗauka ya yi masa ado.

Na kira shi. Ban taɓa kiran namijin da ba muharramina ba sai ranar. Ya ɗauka da fara'a, yana ba wani canji, ina jin ƙarar rakshoshi, babura masu ƙafa uku, a bayansa. Da farko ya ce bai san abin da nake magana a kai ba. Da na karanto masa jimlolinsa uku a jere sai ya yi dariya, ya ce lallai kunnena ya yi.

"Ka yi musu magana da muryarka," na ce. "Minti ɗaya ya isa."

"Ya Sabah, marubuci ba ya bin labarinsa gida-gida yana bayani. Na ambaci sunan wani? Samad nawa ne a duk yankin Jazira?"

"Guda nawa ne 'yarsu ta karanta?"

"Wannan kuma ba ni na ba ki ba, Ustaz ne. Kuma tsakani da Allah ke kika sa suka yarda. Wurin da muryarki ta karye, wallahi ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Ya kamata ki yi alfahari."

Na ce masa ana maganar manoma za su zauna ranar Juma'a a kan babana. Ya ce in babana bai yi komai ba, me zai ji tsoro? Sannan ya sauke murya ya ce in duba matsayinsa, in ya fito ya ce ƙarya ne ya kunyata kawunsa, in ya ce gaskiya ne ya shiga rigimar da ba tasa ba. Ya ce abin zai wuce, mutanenmu ba sa riƙe magana. Ya ce yana da mai saye a gabansa.

Washegari da la'asar na sa Inna ta raka ni gidan Baffa Gado. Ba ta so ba, amma ta yafa tobinta ta biyo ni. Muka same shi zaune kan angarib, gadon igiya, a inuwar dalbejiya yana gyaran igiyar jaki. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Na durƙusa na kunna masa saƙo na ɗaya, inda na ce ƙagaggen labari ne. Na kunna masa tsohon masunci, na kunna masa direban bas. Da aka zo kan akuya Hadizatu ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Shi bai yi ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi wanda ya rubuta na ruwan.

Na san sharaɗin. Na kuma san wanda sharaɗin yake karewa. Na ce Kamal ne.

Na zaci zai fusata da ɗan ƙanwarsa. Sai ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka cika masa abin da ya rage. Ya ce Kamal yaro ne mai ilimi, ba zai zauna ya rubuta abin da bai da tushe ba. Na ce daga bakinsa Kamal ya ji, ƙorafinsa ne ya dawo masa ta waya. Ya ajiye igiyar.

"To na ji, ɗiyata. Shi ya rubuta. Ke kuma da kinka gani, kin san ubanki samad ne ko ba ki sani ba?"

"Na sani, Baffa."

"Kinka buɗe baki kinka karanta, har da kuka. Ni ban yi makaranta ba, amma ki gaya mini, wace ɗiya za a ba wagga magana bisa ubanta, ta san ƙarya ce, ta karanta?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin tsarin zaure, cewa mai karantawa ba ya zaɓe. Tun kafin in fara na ji yadda maganar za ta sauka a wannan tsakar gida, gaban mutumin da ya yi asarar rabin abincin shekararsa. Inna ta miƙe ta ce mu tafi.

Kafin magariba Hadizatu ta kira mahaifiyar Kamal tana yi mata barka da ɗa mai kishin dangi. Kamal ya kai ƙara wurin Ustaz. Da safe na tarar da dogon saƙo a zaure, an rubuta shi da Larabci mai kyau don kowa ya gane. Ustaz ya ce wata daga cikinmu ta tona sunan marubuci a waje, kuma wannan ya fi laifin Mujahid girma, don shi kuskure ya yi, ita kuwa da gangan. Ya ce ladabin zaure shi ne a soki rubutu, ba a bi marubuci har wurin aikinsa ba. Ya ba ni dama in nemi afuwa a gaban kowa, a wuce wurin. A ƙarƙashin saƙon mutane suka yi ta jera babban yatsa.

Ban shiga ɗakin buhuna ba. A tsakar gida na tsaya, Inna na tankaɗe tana jina, na danna wayar.

"Assalamu alaikum. Sabah ce, ɗiyar Mahmudu samad, kuma wannan maganata ce, ba wanda ya rubuta mini. Kun ɓoye sunan kowa a zauren nan ban da nawa. Kowane labari da muryata yake fita, muryar da duk garinmu ya sani tun ina tallan gyaɗa. Na gaya wa Ustaz babana samad ne, ya ce zaure a rufe yake. Mutum sittin da waya a hannu, kowa da uwa da gwaggo, wane rufi? Kamal, ka ɗauki ƙorafin kawunka ka sa a bakina, da aka ce ka fito minti ɗaya ka ce kana da mai saye. Mujahid, magenka ba ta isa gidan Baffa Gado ba. Ku da kuke cewa rubutu ya shiga gidaje, gidanmu ya shiga, ku zo ku ga abin da ya yi. Ba zan nemi afuwa ba. In akwai mai ladabi a cikinku, gobe Juma'a ce, masallacinmu ba ɓoyayye ba ne."

Mutum biyu suka saurara, sannan goma, sannan talatin da wani abu. Ba wanda ya amsa. Wata Ruqaya daga Rufa'a, wadda ban taɓa gani ba, ta rubuto mini a keɓe cewa gaskiyata ce, amma kada in ce ta faɗa. Zuwa azahar Ustaz ya goge saƙon ya cire ni. Ruqaya ta gaya mini daga baya cewa an ƙara sabon sharaɗi, ba a saka saƙon da ya shafi rigimar gida, kuma ana neman mai karantawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, manoma suka zauna a rumfar masallaci. Mata ba sa zuwa, a bakin ƙanin babana, Yakubu, muka ji yadda aka yi. Kamal bai zo ba, ba kuma wanda ya zo daga zauren. Ba wanda ya ce babana ya saci ruwa. Kowa ya yabe shi, aka ambaci shekarun da ya yi yana tashi tun asuba. Liman ya ce maganar waya ba hujja ba ce. Sannan wani dattijo ya ce duk da haka, don zukata su kwanta, daga yanzu in samad zai buɗe ruwa mutum biyu su riƙa raka shi, ɗaya daga ƙarshen tur'a. Aka ce wannan adalci ne, ba a zargi kowa ba.

Babana ya miƙe ya gode musu. Ya ce tun da aka ba shi aikin shi kaɗai yake zuwa, da shi da Allah. In yanzu sai da masu gadi, to su ba wanda ba ya buƙatar gadi. Aka yi ta ba shi baki, bai zauna ba. Ya ɗauki takalmansa ya fito.

Da ya shigo gida ina bakin randa. Ya tsaya, karo na farko tun ranar Talata ya dube ni sosai. Ya ce ya san ban ga komai ba, don ba abin da za a gani. Ya ce da na zo na tambaye shi kafin in karanta, da ya ce mini in bari. Bai ɗaga murya ba. Ya wuce ɗaki ya cire jallabiyar Juma'a.

Bayan la'asar aka yi sallama. Baffa Gado ne, da sandarsa, ya zo ya nuna ba komai a ransa. Babana ya shimfiɗa masa darduma, suka gaisa hannu cikin hannu, suka tambayi juna iyali da dabbobi. Baffa Gado ya ce shi bai so abin ya kai haka ba, wallahi bai so ba. Ya ce an ba Hamid ɗan liman riƙon aikin, ruwa kuma ranar Lahadi ne, za a fara daga ƙarshen tur'a. Babana ya ce Allah ya taya shi riƙo. Sannan ya ɗaga murya ya ce in kawo wa baƙo shayi.

Na dafa, na jera kofuna a faranti, na fito. Haushi nake ji, ba tsoro ba. Na durƙusa a gabansu, na kasa ɗaga butar. Baffa Gado ya kau da kai yana duban katanga.

"Zuba wa baffanki," in ji babana.

Na zuba.